Kaya Sun Iso Kanya Babba, Wa Zai Kwashe Ledarsu?

Batunmu na yau shi ne kamfanonin da ke sarrafa kayan masarufi, masu yin magi da madarar gari da omo da taliya da lemo da ruwan leda, da kuma haƙƙin da ke wuyansu game da abin da yake saura bayan an cinye kayan. Ba sai mutum ya je Legas ko Kano kafin ya ga girman matsalar ba. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kunya, ta ratsa Kanya Babba ta nufi Babura, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona, zai ga leda ta maƙale a kututturen gero da dawa, ta rataye a ƙayar aduwa da magarya, ta taru a bakin kududdufai da bayan kasuwa. Haka abin yake a Kazaure da Roni da Gwiwa. An saba ɗora laifin a kan ƙazantar mutanenmu. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, wanda ya zaɓi irin mazubin da za a ƙunsa kaya a ciki, ya kuma ci ribar sayar da su, shi ya fi cancanta ya biya kuɗin kwashe wannan mazubi, kuma wajibi ne kwashewar ta kai duk inda kayan suka kai.

Mu fara da yi wa kamfanonin adalci, domin sun yi abin da hukumomi da yawa suka kasa. Dunƙulen Maggi da Nestlé ke yi a masana'antunsa na Agbara da Shagamu a Jihar Ogun yana tafiyar kimanin kilomita dubu, ya sauka a Kasuwar Singa ta Kano, daga nan 'yan sari su loda shi a mota, washegari ga shi a teburin mai tireda a ƙauyen da ba shi da asibiti, ba shi da famfo. A shekarar 1993 ne kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya kawo madarar Cowbell cikin 'yan ƙananan ƙunshi a Najeriya, sai ga wanda ba ya iya sayen gwangwanin madara yana iya sayen ta shayi ɗaya. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama yau kusan babu abin da ba a sayarwa a ƙaramin ƙunshi, daga tumatirin leda zuwa man goge baki. Wannan dabara ta taimaki talaka mai cefanen yau da yau, babu mai musun haka. Amma hanyar da suka shimfiɗa ta zuwa ce kawai. An tsara yadda kaya za su isa Kanya Babba dalla-dalla, da dillali da mota da ribar kowa, ba a kuwa tsara yadda ko leda ɗaya za ta fita daga garin ba.

To, da yake ba a tsara ba, wa yake biya? Na farko shi ne mai kiwo. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya da saniya suna bin bola da bayan kasuwa, kuma ledar da ta ɗauki gishiri ko mai ko ragowar abinci ita ce ta fi jan bakinsu. Leda ba ta narkewa a tumbi. Tana taruwa, ta haɗu da tsumma da igiyar buhu, ta dunƙule ta cika wurin da abinci ya kamata ya zauna. Sai dabba ta rage ci, tuƙa ta gagare ta, ciki ya yi tauri, ta yi ta ramewa ana ba ta dusa da harawa da maganin tsutsa ba a ganin canji. Likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Maiduguri sun daɗe da rubuta wannan bayan binciken da suka yi a mayanka, kuma mahautanmu ba sa buƙatar a karanta musu, domin su ne ke farke tumbin su ciro dunƙulen da hannunsu. Maganinsa sai tiyata, tiyatar kuwa ba a samun mai yin ta a kowane ƙauye, kuma kuɗinta kan yi wa mai akuya ɗaya nauyi. Ƙarshenta a sayar da dabbar da araha kafin ta mutu, ko a yi gaggawar yanka ta. A tuna fa, a wannan yanki namu akuya da tunkiya su ne ajiyar matan gida, da su ake kayan ɗakin 'ya, da su ake biyan kuɗin asibiti idan ciwo ya zo da dare. Matar da ta yi asarar tunkiya saboda leda ta biya kuɗin sharar kamfani da dukiyarta, alhali babu wanda ya shawarce ta ranar da aka zaɓi mazubin.

Na biyu shi ne manomi. Tun zamanin kakanni, gonakin ƙasar Kano da kewayenta da taki suke rayuwa, kashin dabbobi da toka da sharar gida, ana kwasa a mangala ko amalanke a kai gona kafin faɗuwar damina. Wannan al'ada ce ta riƙe ƙasa mai yashi irin tamu tana ba da gero da gyaɗa da riɗi shekara da shekaru. Yau takin bola cike yake da leda, sai manomi ya tsaya tsinta, ko ya sa yara, ko ya haƙura ya watsa shi haka nan, garma ta binne ta, baɗi ta sake tono ta. A cikin gari kuma, ledar da ta toshe kwalbati ita ke mayar da ruwan sama cikin gidajen ƙasa, ruwan da ya kwanta ya zama matattarar sauro. Abin da bai shiga gona ko kwata ba ana cinna masa wuta, har ta kai mata da yawa da leda suke hura murhu, su da goyonsu suna shaƙar hayaƙin da ke cutar da ƙirji. Duk waɗannan kuɗi ne ake biya, sai dai ba sa fitowa a littafin lissafin kowane kamfani.

Masu kare kamfanoni za su ce, ai ba manajan kamfani ne ya zo ya yar da leda a titin Babura ba, mutanen gari ne. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya wanke mai watsa shara a hanya. Amma a duba wani abu. A garuruwan nan da ake kira masu ƙazanta, ina tsohon ƙarfe? Ina gwangwanin lemo na alminiyam, ina fasasshen bokiti da tsohon takalmin roba? Ba a ganin su a yashe, domin 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suna bi gida-gida suna saye, ana aunawa a kan sikeli, a loda a mota zuwa Kano inda ake niƙawa a narkar. Robar lemo da ta ruwa ma tana da kasuwarta, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna saye. Mutanen dai su ne, halinsu bai canza ba tsakanin gwangwani da ledar omo. Bambancin shi ne ɗaya yana da kuɗi, ɗaya ba shi da shi. Abin da ke da daraja ko ta naira kaɗan ce ba ya kwana a ƙasa. Ashe ke nan tushen matsalar yana wurin da aka yanke shawarar yin mazubin da ba shi da wata daraja da zarar an farke shi.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma daga kamfanonin kansu ta fito. Shekara da shekaru lemon kwalba yana zuwa ƙauyukanmu a kiret, mai shago ba ya barin kwalba ta fita sai an ajiye kuɗinta ko an kawo wata, motar da ta kawo cikakku ita ke komawa Kano da fanko, a wanke a sake cikawa. Babu wata dokar tsafta da ta tilasta wannan, babu jami'in duba-gari da ya tsaya a kai. Ya yi aiki ne saboda kwalbar dukiyar kamfani ce, ɓatanta asararsa ce. Da aka koma robar da ake sha a yar, sai mazubin ya tashi daga dukiyar kamfani ya zama matsalar gari. Kamfani ya huta da jigilar fanko da wanki, abin da ya rage masa na kashewa kuma ya koma kan jama'a. Don haka idan aka ce dawo da mazubi daga wuri mai nisa kamar Gwiwa ba zai yiwu ba, amsar ita ce an yi shi a da, a lokacin da hanyoyin ma ba su kai na yanzu kyau ba.

Game da ƙananan ƙunshin nan masu ƙyalli kuwa, matsalarsu a ƙirarsu take. Yawancinsu an yi su ne da falle biyu ko uku na roba iri daban-daban da ɗan siririn alminiyam, an manne su wuri ɗaya don kada danshi ya shiga. Wannan yana kare kaya, amma yana hana a narkar da su a sake amfani da su, shi ya sa babu mai saye. Kamfanin Unilever ya sanar a 2017 cewa zai gwada wata sabuwar fasaha ta sarrafa irin wannan ƙunshi a ƙasar Indunusiya, bayan 'yan shekaru binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nuna aikin bai kai matsayin da zai riƙe kansa a kasuwa ba. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa. Wanda ya san wannan, ya kuma ci gaba da zuba biliyoyin irin wannan ƙunshi a ƙasashen da ba su da motar kwasar shara, ba zai ce bai san inda za su ƙare ba.

Ba wai babu doka ko kaɗan ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idoji tun 2014 da ke cewa alhakin mai ƙera kaya bai ƙare a ƙofar masana'anta ba, yana bin kayan har bayan an gama amfani da su. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha, ciki har da Nestlé da Seven-Up da kamfanin da ke cika Coca-Cola a Najeriya, suka kafa ƙungiyar FBRA don tattara mazubai, sannan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. An yi wasu ayyuka na zahiri, kamar cibiyar tattara robar lemo da aka buɗe a Apapa ta Legas a farkon 2025. Sai dai mafi yawan ƙoƙarin ya tattaru ne a Legas da manyan birane, kuma a kan robar lemo, wato ainihin abin da 'yan jari-bola suke tsinta tun kafin a kafa wata ƙungiya. An tafi wurin da aikin ya fi sauƙi, an bar ledar da ke kashe dabbobi a karkara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne iyayen waɗannan kamfanoni a ƙasashen waje sun fara ja da baya daga alƙawuran da suka ɗauka da bakinsu. Unilever ya yi alƙawari a 2019 cewa zai rage sabuwar robar da yake amfani da ita da rabi kafin 2025, a watan Afrilun 2024 ya sauko zuwa kashi 30 cikin ɗari kafin 2026. Coca-Cola ya ce a 2022 kashi 25 cikin ɗari na abin shansa zai koma mazubin da ake dawowa da shi kafin 2030, a Disambar 2024 wannan buri ya fita daga jerin manufofinsa. Alƙawarin da mai shi zai iya warwarewa duk ranar da ya ga dama ba abin da gari zai dogara da shi ba ne.

Hujjar da ta fi nauyi a ɓangaren kamfanoni ita ce halin tattalin arziki, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, kuɗin shigo da kayan aiki ya ninka. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Nestlé na Najeriya ya bayyana asarar biliyoyin naira a 2023 da 2024, Unilever ya daina yin sabulu da omo a ƙasar nan a 2023, Procter & Gamble kuma ya sanar a ƙarshen shekarar cewa zai daina ƙera kaya a Najeriya. Sai su ce, idan aka ƙara mana wani nauyi, ko dai mu tattara mu tafi, ko mu ƙara wa talaka kuɗin kaya. Amsar farko ita ce talaka yana biya tun yanzu, kuma ta hanya mafi muni, domin asarar tana faɗawa kan wanda ƙaddara ta zaɓa, mai tunkiya ɗaya ko mai katangar ƙasa, ba a raba ta daidai da yawan abin da kowa ya saya. Ƙarin 'yan kwabbai a kan kowane katan, wanda aka san inda zai tafi, ya fi adalci nesa ba kusa ba. Amsa ta biyu ita ce, idan doka ta hau kan kowa daidai, babu kamfanin da zai ji tsoron abokin gasarsa zai kayar da shi da araha. Wanda yake son yin abin kirki shi ya fi kowa buƙatar dokar. Kuma kamfanonin nan suna biyan irin wannan kuɗi a wasu wurare. Jamus ta ɗora wa masu ƙera kaya alhakin mazubansu tun 1991, Afirka ta Kudu ta mayar da shi tilas a 2021, har ta sa a riƙa biyan masu tsintar shara ladan aikinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suna cewa a hana leda gaba ɗaya kowa ya huta. Ruwanda ta yi haka a 2008, Kenya a 2017, kuma an ga bambanci a titunansu. Legas ta hana mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a Yulin 2025. Amma muna da darasi kusa da gida. Hanyar Babura ta ɓulle Babban Mutum, bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ta kafa dokar hana shigo da siririyar leda da sayar da ita tun 2014, duk da haka wanda ya shiga kasuwannin Magarya ko Damagaram ko Maraɗi ya san leda ba ta ƙaura ba. Hani ba tare da madadi ba, a ƙasar da iyakarta take a buɗe, ba ya haifar da komai sai fasa-ƙwauri da cin hanci. Sannan ruwan leda ba don gayu ake shan sa ba. Inda famfo ba ya kawo ruwa, rijiya kuma ba a amince da ita ba, shi ne ke tsakanin mutane da amai da gudawa. Wanda zai hana shi sai ya fara kawo ruwa mai tsabta.

Saura batun ƙananan masana'antu. Baƙar ledar cefane da ta ruwa ba kamfanonin Turai ke yin su ba, 'yan kasuwarmu ne a Kano da garuruwan Jigawa, wasunsu injin ɗaya gare su da ma'aikata kaɗan. Bin su ɗaya bayan ɗaya da rasit ɓata lokaci ne, kuma ƙofa ce ta cin zali. Dukkansu kuwa daga wuri kaɗan suke samun ƙwayar robar da suke narkarwa, daga masana'antu irin su Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas da kuma masu shigo da ita ta tashar jiragen ruwa. A can ya kamata a cire kuɗin, a kan kowane tan, a zuba shi a asusun da kowa zai iya ganin lissafinsa. Da wannan kuɗi za a sa wa kilon leda farashin da zai sa tsintarta ta zama sana'a. Ledar ruwa tana narkuwa, ana yin wasu kayan da ita, abin da ya hana a kwashe ta daga Babura shi ne rashin nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin a sami kilo ɗaya, kuɗin motar kai ta Kano ya fi abin da za a samu. Wannan giɓi shi ne asusun zai cike. Motocin da ke sauke kaya a kasuwanninmu galibi da sauran wuri suke komawa, ga 'yan gwangwan sun riga sun san kowane lungu, abin da ya rage shi ne sikeli da rumfa da injin matsewa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma. Ƙunshin da ba ya narkuwa kuma a ba kamfanoni wa'adi su sauya ƙirarsa, ko su koma sayar da abin da zai yiwu ta hanyar awo, wadda kasuwarmu ta sani tun kafin zuwan leda. Masu tsoron algus a kayan awo suna da gaskiya, amma wannan matsala ce ta hatimi da sa ido, kuma kamfanin da ya iya kare kayansa daga jabu tun daga Ogun har Roni zai iya warware ta.

Gwamnati ma ba ta kuɓuta ba. Tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba ta watse ba tare da matsaya ba a Busan a Disambar 2024, ta sake watsewa a Janiba a Agustan 2025, saboda haka jiran duniya ba namu ba ne. Muna kira ga 'yan majalisarmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, na jiha da na tarayya, da hukumar kare muhalli ta Jihar Jigawa, da su nemi kowane babban kamfani da ke sayar da kaya a jihar nan ya bayyana a rubuce tan nawa na mazubi ya shigo da shi a shekara, tan nawa kuma ya kwashe. Muna kira ga manyan dillalan Kasuwar Singa, waɗanda kamfanoni ke jin maganarsu fiye da ta kowa, su ɗaga wannan batu a zamansu da wakilan kamfanonin. Hakimai da dagatai da shugabannin kasuwa su ware wurin tara leda nesa da inda dabbobi ke kiwo. Ku kuma iyayenmu mata, don Allah a daina hura wuta da leda, a tara ta a buhu a rataye inda akuya ba za ta kai baki ba.